Fayilolin da Alamarsu ke Goshi: Yadda Aka Dawo da Kiɗan Wata Tsohuwar Amiga a Jamus

Wani matashi Bakano da ke karatun injiniyan lantarki a wani gari na yammacin Jamus yana haya a saman gidan wani dattijo Bajamushe. Kafin ya bar gida ya yi shekaru yana aiki a shagon tace bidiyon biki, don haka duk wanda kwamfutarsa ta ƙi a gidan, ƙofarsa ake ƙwanƙwasawa. Wata ranar Asabar dattijon ya hau bene ya same shi, riƙe da ƙaramin rumbun kwamfuta na waje. Ya ce na ƙaninsa ne da ya rasu, kuma a ciki akwai wata folda ta kiɗan da marigayin ya tsara tun yana saurayi. Ya yi ta dannawa, ko ɗaya bai buɗe ba. Buƙatarsa ɗaya ce: ya sake jin kiɗan nan da ya riƙa jiyowa daga ɗakin ƙaninsa fiye da shekara 30 da suka wuce.

Foldar na ɗauke da fayil 212. Matashin ya ce ya ba shi kwana biyu. Aikin ya ci kusan wata biyu.

## Tushen lamarin: 1987 zuwa 1994

Kwamfutar da marigayin ya yi kiɗan a kanta Amiga 500 ce, ta kamfanin Commodore, wadda ta fito a 1987 ta kuma shiga gidaje da yawa a Jamus, Ingila da ƙasashen arewacin Turai. A cikinta akwai wata ƙwayar lantarki mai suna Paula, wadda ke iya fitar da sauti huɗu a lokaci guda, kowanne mai bit 8. A wancan zamanin wannan babban abu ne ga kwamfutar gida.

A shekarar 1987 ɗin ne wani Bajamushe, Karsten Obarski, ya fitar da manhajar Ultimate Soundtracker. Dabararsa mai sauƙi ce. Maimakon a naɗi waƙa gaba ɗayanta, sai a ajiye gajerun guntayen sauti, kamar bugun ganga ɗaya, kaɗin tsirkiyar garaya ɗaya, busa ɗaya, sannan a rubuta jadawali mai faɗa wa kwamfuta wane guntu za ta buga, da wace murya, a wane lokaci. Kowane shafi na jadawalin yana da layi 64 daga sama zuwa ƙasa da rukuni huɗu a jere, ɗaya ga kowace muryar Paula. Idan aka haɗa guntayen sautin da jadawalin cikin fayil ɗaya, shi ake kira modul. Manhajar ba ta yi kasuwa sosai ba, amma samari masu kutse sun kwance ta sun yi ta gyara ta. Daga nan NoiseTracker ta fito a Suwidin a 1989, ProTracker kuma ta biyo baya daga Norwe a 1990, ita ce ma ta zama abin da kowa ke auna sauran da shi. Irin waɗannan manhajoji ake kira tiraka.

Sai maganar suna, wadda ita ce zuciyar wannan lamari. Tsarin DOS na kwamfutocin PC ya tilasta wa kowane fayil suna mai harafi takwas, sai ɗigo, sai wutsiya mai harafi uku. Amiga ba ta da wannan doka. Sunan fayil zai iya kai harafi 30, ɗigo kuma harafi ne kamar kowane. Masu tiraka sai suka saba sa alamar nau'in fayil a goshin suna: mod.regen, mod.nacht, mod.winter. Idan aka jera fayiloli bisa haruffa, duk kiɗa sai ya taru wuri ɗaya. A kan Amiga wannan tsari ne mai kyau.

Commodore ta durƙushe a 1994, masu Amiga kuma suka yi ta komawa PC da kayansu.

## Yadda fayilolin suka ƙaura

Daga yanayin foldar ana iya gane cewa marigayin ya kwaso kayansa ta hanya biyu. Mafi yawansu ya fara ƙulle su cikin kunshin LHA, wato fayil ɗaya mai matse wasu da yawa a cikinsa, kafin ya ƙetarar da su, don haka sunayensu suka tsira yadda suke. Amma fayil 27 ya kwafe su kai tsaye a kan faifan filofi na DOS, dokar takwas da uku ta datse su. Wanda sunansa mod.winter ya koma MOD.WIN. Wani mai suna mod.battle ya koma MOD.BAT, wato wutsiyar da Windows ke ɗauka a matsayin jerin umarnin da za ta aiwatar. Dattijon ya ce idan ya danna wannan, baƙar taga ce ke ƙyaftawa ta ɓace, har ya ji tsoro ko ƙwayar cuta ce.

Daga nan fayilolin suka yi ta bin marigayin daga kwamfuta zuwa kwamfuta, shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa cikinsu.

## Makon farko: dannawa, da kiran Kano

Matashin ya jona rumbun, ya buɗe foldar, ya ga abin da bai taɓa gani ba. Kowane fayil sunansa "mod", kuma kowanne da nasa nau'in. Windows na kallon abin da ya biyo bayan ɗigon ƙarshe a matsayin wutsiya, saboda haka a wajenta akwai fayil nau'in REGEN, da nau'in NACHT, da nau'in WINTER, kuma ba ta san manhajar da za ta miƙa wa ko ɗaya ba. Hausawa na cewa suna linzami. A Windows maganar haka take ba ƙari: wutsiyar suna ce ke jan fayil zuwa manhajar da za ta buɗe shi.

Kalmar MOD ba baƙuwa ba ce a wajensa. A shagon da ya yi aiki a Kano, masu ɗaukar biki kan kawo kyamarorin hannu irin su JVC Everio da wasu na Panasonic da Canon, waɗanda ke ajiye bidiyo da suna kamar MOV001.MOD, kowanne da ɗan rakiyarsa mai wutsiyar MOI. Waɗannan bidiyon MPEG-2 ne tsantsa, an dai sa musu wata wutsiya. Ya tuna da haka, amma don ya tabbatar sai ya kira tsohon maigidansa.

"Maigida, barka da aiki. Wasu fayilolin MOD ne aka kawo mini, sun ƙi buɗewa."

"Kai yaro, ka manta aikinka ne? Canza musu wutsiya zuwa mpg, shi ke nan. Sau nawa muka yi wannan a shago?"

Shawarar daidai take ga abin da maigidan ya sani. Matashin ya fara da fayil ɗaya, ya mai da shi regen.mod. Nan take alamar fayil ɗin ta koma ta bidiyo, manhajar kallon fim ta buɗe, ta ce ba za ta iya kunna shi ba. Ya mai da shi regen.mpg, amsa ɗaya. Ya ba manhajar sauya bidiyo, ta ce ba ta ga hoto ko sauti a ciki ba.

A nan aka yi ɓarnar da ta fi kowace. Ya yi tunanin watakila wannan ɗin ne ya lalace, bari ya gwada da yawa lokaci guda. Ya zaɓi fayil 30, ya ba manhajar canza suna umarnin mai da wutsiyarsu mpg. Manhajar ta yi abin da aka ce: ta share duk abin da ke bayan ɗigo. To abin da ke bayan ɗigon shi ne sunan kiɗan. Fayiloli 30 suka koma mod.mpg, mod (2).mpg, mod (3).mpg, har zuwa ƙarshe. Kuma a kan rumbun dattijon ya yi aikin, bai riga ya ɗauki kwafi ba. Ya rufe manhajar kafin ya lura, damar komawa baya ta wuce.

A daren ya kwafe foldar gaba ɗaya wuri biyu, ya cire rumbun ya sa a aljihun tebur.

## Mako na biyu: zargin lalacewa

Da ya duba girman fayilolin sai hankalinsa ya ƙara tashi. Yawancinsu tsakanin kilobayit 40 ne da 300. Shi kuwa ya san waƙar MP3 ta yau da kullum, mai gudun kilobit 128 a daƙiƙa, tana cin kusan megabayit ɗaya a kowane minti. Dattijon ya ce kiɗan kan kai minti uku ko huɗu. Lissafin bai hau ba. Ya yanke cewa guntaye ne suka rage daga manyan fayilolin da suka lalace, ya kwana biyu yana bin rumbun da manhajar tono abin da aka goge. Ta tono tsofaffin hotuna da takardu, ba ta samo wani babban fayil na sauti ba.

Ya kusa mayar wa dattijon kayansa da haƙuri. Kafin nan sai ya yi wani gwaji na ƙarshe. Manhajar Audacity tana da hanyar shigo da kowane irin fayil a matsayin ɗanyen sauti, ba tare da ta tambayi nau'insa ba. Ya shigo da ɗaya, ya gwada saiti iri-iri, da ya kai kan bit 8 sai ya ji abu. Da farko ƙara ce mai huda kunne na ɗan lokaci. Sai bugun ganga guda, tsaf. Sai shiru. Sai wani bugun daban. Sai murya mai kauri ta tsirkiya ɗaya, sai wani abu kamar busa, duk a jere, kowanne sau ɗaya. Ba kiɗa ba ne, amma kayan kiɗa ne, kamar an shiga ɗakin makaɗi an tarar da kalangu da kurya da algaita jingine a bango, mai su ba ya nan.

Wannan ne ya juya tunaninsa. Fayil ɗin da ya lalace ba zai ba da sauti mai tsabta haka ba.

## Mako na uku: bayit na 1080

Ya buɗe fayil ɗin da manhajar duba bayit, wato ƙananan lambobin da kowane fayil ya ƙunsa a jere, irin wadda ke nuna lambobi a hagu da haruffan da suka dace da su a dama. Bidiyon kyamarar da ya sani yana farawa da lambobi huɗu sanannu, 00 00 01 BA. Wannan kuwa da rubutu ya fara. Bayit 20 na farko sunan kiɗan ne. Daga nan sai jerin sunaye, kowanne da tazarar bayit 30 daidai tsakaninsa da na gaba, wasu sun fara da "st-01:". Ya ci gaba da gangarawa ta cikin sifilai har ya ga haruffa huɗu tsaye su kaɗai: M.K. Ya duba wurin da suke, bayit na 1080 idan an fara ƙirga daga sifili. Ya buɗe fayil na biyu, suna nan a wuri ɗaya. Na uku ma haka.

Da ya nemi bayani a intanet da waɗannan haruffa huɗu da lambar, cikin minti kaɗan ya samu tsarin fayil ɗin gaba ɗaya. Bayit 20 na suna. Sai gurbi 31 na guntayen sauti, kowanne bayit 30: 22 na sunan guntun, sauran kuma na tsawonsa, ɗan gyaran muryarsa, ƙarfinsa daga 0 zuwa 64, da inda zai riƙa maimaitawa. Wannan ya kai 950. Sai bayit ɗaya mai faɗin tsawon kiɗan, sai wani ɗaya, sai bayit 128 na jerin shafukan da za a bi. Jimla 1080. Sai hatimin nan mai harafi huɗu. Daga 1084 shafukan jadawali ke farawa, kowanne bayit 1024, wato layi 64 sau murya huɗu sau bayit huɗu. Bayan shafukan sai guntayen sautin, ɗaya bayan ɗaya. Ƙarar da ya ji a farkon gwajin Audacity jadawalin ne ake karantawa kamar sauti, bugun gangunan kuma guntayen ne.

Ƙanƙantar fayilolin ma ta samu amsa. Bugun ganga ɗaya ake ajiyewa, a buga shi sau ɗari. Sautin tsirkiya ɗaya ake naɗa, a hanzarta shi ya yi siriri, a rage masa gudu ya yi kauri. Faifan filofi na Amiga kilobayit 880 kacal yake ɗauka, kuma a kansa ake so a saka wasa ko nunin fasahar kwamfuta gaba ɗaya haɗe da kiɗansa.

Ya sauke OpenMPT, manhaja kyauta wadda ta samo asali daga ModPlug Tracker ta 1997. Ya ja mod.regen da sunansa na asali ya jefa cikin tagarta. Ta buɗe, layuka suka fara gangarowa, kiɗa ya tashi. Ya ja ɗaya daga cikin waɗanda ya mayar mpg, shi ma ya buɗe. Ya ja MOD.BAT, ya buɗe. Manhajar ba ta damu da sunan ba, cikin fayil ɗin take dubawa.

Ya sauka ƙasa ya kira dattijon. Dattijon ya tsaya a bakin ƙofa bai zauna ba har kiɗan ya ƙare, sannan ya ce a sake sa masa.

## Mako na huɗu: ragowar da ba su da hatimi

Don ya san ainihin abin da ke hannunsa, ya rubuta ɗan gajeren shiri da ke buɗe kowane fayil ya karanto bayit huɗun farko, da huɗun da ke 1080, da bayit 20 na suna, ya jera su a tebur. Fayil 163 suka nuna M.K. Bakwai suka nuna FLT4, hatimin wata tiraka mai suna StarTrekker, tsarinsu kusan ɗaya. Saura 42.

Daga cikinsu 18 sun fara da PP20. Wannan alamar PowerPacker ce, manhajar matse fayil da masu Amiga suka yi amfani da ita sosai don tsimin wuri. Modul ne a ciki, an dai naɗe shi, kuma da aka warware su duk suka nuna M.K. a inda ya kamata. Biyar sun fara da MMD0 ko MMD1, wato na MED da OctaMED ne, wani gidan tiraka dabam wanda Teijo Kinnunen na Finland ya rubuta. Marigayin ya sa musu mod. a goshi ne kawai don su zauna tare da 'yan'uwansu. Su ma OpenMPT ta san su.

Sauran 19 su ne suka ba da aiki. Suna da suna a farko, suna da sunayen guntaye, amma babu hatimi a 1080 ko a wani wuri. Dalilin yana cikin tarihi. Soundtracker ta farko gurbi 15 take da shi, ba 31 ba, kuma ba ta sa kowane hatimi, domin a lokacin ba ta da wani ɗan'uwa da za a rikita ta da shi. Hatimi ya zo ne daga baya, lokacin da aka faɗaɗa gurabe zuwa 31 aka ga dole a bambanta sabo da tsoho. Wato mafi tsufan fayilolin su ne marasa shaida a jiki. A kan Amiga alamar mod. ta goshi ce kaɗai ke faɗin ko su wane ne.

Hanyar tabbatar da su lissafi ce. Kan irin wannan fayil bayit 600 ne: 20 na suna, gurbi 15 sau 30, bayit biyu, sai 128. A duba jerin shafuka a ga lamba mafi girma, a ƙara ɗaya, a ninka da 1024. A tara tsawon guntayen kamar yadda aka rubuta a kai, a ninka da biyu domin da tagwayen bayit ake ƙirga su. Na ga lissafin ɗaya daga ciki a takardarsa: shafi 12, wato bayit 12,288, guntaye 61,440, haɗe da 600 ya ba da 74,328. Girman fayil ɗin a kan rumbu 74,328. Irin wannan dacewa ba ta zuwa da katari. Fayil 13 suka hau wannan ma'auni, wasu cif, wasu da ɗan rarar bayit a ƙarshe, kuma duk sun yi kiɗa.

Shida sun ƙi. Kansu ya lissafa guntaye da tsawonsu, amma fayil ɗin na ƙarewa daidai inda shafukan jadawali suka ƙare. Ba yankewa suka yi ba. Soundtracker tana da hanyar ajiye jadawali shi kaɗai, guntayen kuma su zauna a faifansu dabam, manhajar ta nemi a saka mata faifan idan za a kunna. Abin da "st-01:" ke nufi ke nan: guntun yana kan faifan ST-01. Wannan faifai shi ne wanda ya zo da manhajar tun asali, kuma masu adana tarihin Amiga sun ajiye shi, ana samunsa. Amma shidan nan suna kiran wasu faifan masu manyan lambobi da sunayen guntaye na Jamusanci, alamar marigayin ne ya naɗe su da kansa.

## Wata na biyu: gyaran suna da gyaran sauti

Sunaye 30 da aka share, 24 sun dawo daga bayit 20 na farkon fayil. Huɗu marigayin ya bar wurin suna fanko. Biyu kuma sunan ciki ɗaya ne da na wasu fayilolin, alamar gyare-gyaren kiɗa ɗaya ne a lokuta dabam, kuma abin da ya bambanta su yana cikin sunan wajen da aka share. Waɗannan shida yanzu lamba ce sunansu. Na DOS guda 27 duk an gano cikakken sunansu ta wannan hanya.

Ya tsara folda uku. Ta farko kwafin rumbun ne yadda ya same shi bayan ɓarnar, ba mai taɓa ta. Ta biyu an mayar da alamar daga goshi zuwa wutsiya, regen.mod, na MED kuma aka sa musu tasu wutsiyar, tare da tebur mai nuna tsohon suna, sabon suna, hatimi da girma. Ta uku sauti ne da aka naɗo daga kowane modul zuwa FLAC da MP3, domin dattijon ya ji a waya da mota ba sai ya koyi tiraka ba.

Wajen naɗin an gamu da abu biyu. Na farko, Paula na tura murya ta ɗaya da ta huɗu kunnen hagu zalla, ta biyu da ta uku kunnen dama zalla. A lasifikar ɗaki wannan ba laifi, amma a abin sauraro na kunne ganga na dukan kunne ɗaya ita kaɗai, yana gajiyarwa. Ya naɗi kowane kiɗa sau biyu, ɗaya yadda Amiga ke fitarwa, ɗaya an ɗan matso da muryoyin tsakiya.

Na biyu kunnen dattijon ne ya kama shi. Akwai wani kiɗa da ya kai wani wuri sai ya koma jan ciki har ƙarshe. Ya ce ba haka yake tafiya ba, ɗan tsayawa yake yi ya ci gaba da gudunsa. Matashin ya duba layin, ya ga umarnin F da babbar lamba. A tsofaffin tiraka, waɗanda ke ƙirga lokaci da bugun allon talabijin sau 50 a daƙiƙa, wannan umarni na faɗin tsawon da kowane layi zai ɗauka ne kawai, kuma masu kiɗa kan sa babbar lamba don su yi tsaiko. A ProTracker kuwa, lamba daga 32 zuwa sama tana canza gudun kiɗan baki ɗaya. Hatimin M.K. ɗaya ne a duka biyun, don haka manhajojin yau hasashe suke yi, nan kuma hasashen ya kauce. Da aka kunna shi da tsohon salon ƙirga lokaci, dattijon ya gyaɗa kai.

Akwai kuma abin da ba wanda ya nema. Masu tiraka sun saba amfani da guraben sunan guntaye da suka rage fanko su rubuta saƙo, harafi 22 a kowane layi. Marigayin ya yi haka a fayiloli da yawa: shekarar da ya yi kiɗan, gaisuwa ga abokan ƙungiyarsu, wani lokaci ƙorafin jarrabawa. A ɗaya ya ambaci yayansa, yana ba shi haƙurin hana shi barci. Matashin ya fitar da duk rubutun ya buga a takarda. Da MP3 kawai aka yi aka watsar da modul ɗin, da wannan ya tafi, domin sauti kaɗai ke ƙetarawa.

## Abin da ya gaza, abin da ya yi, da dalili

Duk yunƙurin mako biyun farko an gina shi ne a kan yarda da suna. Windows ta yarda da abin da ke bayan ɗigo, matashin da maigidansa suka yarda da haruffa uku da suka sani daga wata sana'a. Babu wata hukuma da ke raba wutsiyar fayil, kowa ɗauka yake yi. MOD ɗin nan kiɗan Amiga ne, bidiyon kyamara ne, kuma masu rubuta shiri da Fortran da Modula-2 su ma suna da nasu. Kama da wane ba ta wane. Canza wutsiya na aiki ne kawai idan cikin fayil ɗin ya riga ya zama abin da sabuwar wutsiyar ke faɗa, kamar bidiyon shagon Kano. Ba ya sauya ko bayit ɗaya.

A ganina kuskure ɗaya ne kawai ba shi da uzuri, shi ne aiki a kan kwafi ɗaya tilo. Rashin sanin tiraka ba laifi ba ne ga wanda aka haifa bayan Commodore ta rufe. Amma kwafe foldar da ba ta kai megabayit 50 ba aikin daƙiƙoƙi ne, kuma da an yi shi da sunaye shidan nan na nan.

Abin da ya warware matsalar shi ne buɗe fayil a duba cikinsa, kuma ba wani dogon ilimi aka buƙata ba, haruffa huɗu ne a wuri sananne. Tiraka da suka biyo baya sun koyi darasin: fayil ɗin XM na FastTracker 2 yana farawa da cikakken sunan nau'insa a rubuce, na Impulse Tracker yana farawa da IMPM, na Scream Tracker 3 yana da SCRM a bayit na 44. Sai dai ba zan ce suna ba shi da amfani ba. Fayiloli 19 marasa hatimi sun nuna akasin haka. Ba don mod. ɗin da ke goshinsu ba, da an same su su kaɗai ba a cikin 'yan'uwansu ba, da wuya wani ya zauna yi musu lissafi. Shi ya sa na ga hikimar ajiye tsohon suna a tebur maimakon a share shi don sabo ya fi dacewa da Windows.

Wannan kiɗa kuma ba tarkace ba ne. Finland a 2020 da Jamus a 2021 sun shigar da al'adar masu nunin fasahar kwamfuta, wadda tiraka ta girma a cikinta, cikin kundinsu na gadon al'adu na ƙasa.

## Inda aka tsaya

Daga cikin 212, fayil 206 suna kiɗa, duk fayilolin kuma, ban da shida, suna ɗauke da sunan da mai su ya raɗa musu. Shida masu jadawali zalla an cike musu guraben ST-01, sun tashi rabi da rabi: ganga na bugawa, amma inda muryar da ke jan kiɗan ya kamata ta shigo, shiru ne.

Da aka faɗa wa dattijon abin da ake nema, ya hau rufin ɗaki ya sauko da kwalin takalmi cike da faifan filofi, wasu an rubuta ST da lamba a jikinsu da hannun ƙaninsa. Na'urar filofi ta PC ba ta karanta faifan Amiga, domin yadda kowacce ke shimfiɗa bayanai a kan faifai dabam ne. Ana buƙatar ƙaramar na'ura irin Greaseweazle, wadda ke karanto maganaɗisun faifan kai tsaye ta USB, da tsohon injin filofi mai lafiya. Matashin ya yi odar na'urar, ya kuma samo injin a kasuwar gwanjo. Kwalin yana ɗakinsa nesa da taga da lasifika, faifan da ke sama ya ɗan yi fumfuna a gefe, don haka ya ware shi zai zama na ƙarshe da za a saka.